Pandu Kombo Ba Ya Shiga Sai An Amsa

Shekara talatin da ɗaya Pandu Kombo ya yi yana gyara wa mutane gado a kan ruwa, kuma duk a jirgi ɗaya ya yi su. Jirgin yana da suna, an rubuta shi ɓaro-ɓaro a goshinsa, amma ba wanda ke kiransa da shi a Mombasa. Bibi ma'aikatansa ke ce masa, wato kaka, don ya girmi kyaftin ɗinsa, ya girmi rabin fasinjojinsa, kuma in zai tashi daga tasha sai ya yi nishi tukuna kafin ya motsa. Jirgin masu hutu ne, ba na kaya ba. Yakan kwashi mutum ɗari da tamanin ya bi da su Zanzibar, ya gangara Komoro, ya taɓa Madagaska, ya dawo da su bayan kwana goma sha biyu sun yi baƙi sun yi ƙiba.

Pandu mutumin Pemba ne, gajere mai faɗin kafaɗa, yana tafiya a tale kamar har yanzu ƙasa na motsi da shi. Gidansa yana Likoni, tsallaken mashigi, inda matarsa Bi Mboja ke soya mahamri, wani irin fanke, tana sayarwa a ƙofar gida. A cikin Bibi ɗakuna goma sha biyu ne rabonsa, a hawa na biyu. Ya san su kamar yadda ya san 'ya'yansa. Ya san wanda ƙofarsa ke cijewa in an yi ruwa, da wanda famfonsa sai an lallaɓa shi kafin ya ba da ruwan zafi.

Kada wani ya yi muku ƙarya, Bibi ba jirgin a zo a gani ba ne. Ɗakunan ƙanana ne, tagar kowanne ba ta wuce faifai ba. In iskar kudu ta taso, kofi kan bar gaban mai shi ya tafi gaban maƙwabci, rabin fasinjoji su kwanta da jiri. Tsatsa kuwa an gaji da yi mata fenti. Amma mutanen da suka hau shi sau ɗaya sukan dawo, wasu har sau goma. Ƙanƙantarsa ta sa yana kutsawa lungunan da manyan jirage ba sa ko kallo. A Zanzibar yakan tsaya dab da gari har ƙamshin kanumfari ya shigo ɗakuna. Kafin kwana uku kowa ya san sunan kowa, an san wace tsohuwa ce ke zamba a karta, an san wane ne ba ya cin kifi.

Kowa a gaɓar nan tamu ya san ba a faɗa wa mutum gida. Daga waje ake tsayawa a ce hodi, wato sallama, sai na ciki ya ce karibu, wato maraba, sannan a ɗaga ƙafa. Wannan ba wani ilimi ba ne. Abin da Pandu ya yi daban shi ne ya ɗauki al'adar ya hau jirgi da ita, bai taɓa sauke ta ba. Ranar farko ta kowace tafiya yakan bi fasinjojinsa ɗaya bayan ɗaya ya koya musu kalmomin biyu, Bajamushe ne ko Ba'indiye, ya sa su maimaita har bakinsu ya faɗa. Da safe kuma kafin ya taɓa tsintsiya sai ya ratsa ɗakin cin abinci kamar mai wucewa, ya duba fuskokin mutanensa ashirin da 'yan kai. Wanda ya gani zaune da shayi, ɗakinsa ba kowa, sai ya je ya yi hodi ɗaya a hankali ya shiga. Wanda bai gani ba, ya tsaya a ƙofa har sai an amsa, ko ya wuce ya dawo. Abokan aikinsa sun yi masa tsiya har sun gaji. Sukan ce Pandu ko kabad zai buɗe sai ya yi masa hodi.

Sai aka wayi gari kamfani ya sayar da Bibi ga masu yanka ƙarfe. Matasan ma'aikata aka raba su a sauran jirage ba tare da wata magana ba. Waɗanda suka haura hamsin da biyar kuwa, irin su Pandu, aka ce za a gwada su tafiya ɗaya ta kwana goma sha huɗu a sabon jirgin kamfanin da ke tashi daga Durban. A ƙarshe shugabar sashe za ta rubuta takarda, ko ya dace ko bai dace ba.

Bi Mboja ta ce ya haƙura. Tana juya mahamri a mai, ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, “Baban Zuhura, me ya rage maka a teku? Kifi ma sun san ka. Ka zauna in riƙa ganin wanda nake dafa wa abinci.”

Ya ce mata ba zaman gida yake gudu ba. Zai bar ruwa, ya sani, nan da shekara ɗaya ko biyu, amma da ƙafarsa yake so ya sauka. Abin da ke hana shi sukuni takardar ce. A Likoni irin wannan takarda ba ta ɓoyuwa. Ya ga wani tsohon kuku da aka rubuta wa bai dace ba, mutumin da ya ciyar da dubban mutane, tun daga ranar bai ƙara zama cikin dattawa a dandalin masallaci ba. Pandu yana tsoron a taƙaita masa shekara talatin da ɗaya a kalma uku, kuma tsoron ya fi ƙarfin ya ɓoye shi. In ya ƙi zuwa gwajin kuma, za a ce ya san ba zai iya ba ne.

Ta ce to ya je, taurin kai ai ba yau ya fara ba.

Da ya ga jirgin a Durban sai da ya cire hularsa don ya iya ɗaga kai sosai. Hawa goma sha shida ne, mutum dubu huɗu yake ɗauka ban da ma'aikata. 'Yan Mombasa da ke aiki a cikinsa Gorofa suke ce masa, wato gidan bene, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Akwai kantuna a ciki, akwai gidan kallo, akwai wuraren ninƙaya uku, har da wani bututu da yara ke sulmiyowa ta cikinsa suna ihu. Pandu mutum ne mai adalci, bai ce komai nasa banza ne ba don kawai sabo ne. Ya ajiye kofin shayi a tebur jirgi na tsakiyar teku, kofin bai gusa ba. Ya hau lif maimakon matakala, gwiwarsa ta huta. Ɗakin kwanan ma'aikata da sanyinsa, kuma yana iya kiran Bi Mboja a waya daga inda ko tsuntsu babu. Ya ga wata mata a keken guragu ta zaga jirgin kaf ba wanda ya ɗaga ta, abin da ba zai taɓa yiwuwa a Bibi ba. Wannan ya burge shi ƙwarai, ya kuma faɗa.

Shugabar sashensa Zodwa Mthethwa ce, 'yar Durban, sa'ar 'yarsa Zuhura. Ba muguwa ba ce. Daga wanke banɗaki ta fara har ta kai inda take, kuma ta san aikin tun daga tushe. Baba Pandu take ce masa. Ta ba shi ɗakuna ashirin da shida, kowanne minti goma sha biyu, a gama kafin ƙarfe ɗaya na rana. Ta ba shi kati mai buɗe kowace ƙofa, da wata 'yar na'ura kamar waya. Kowane fasinja yana da awarwaron roba a hannu, na'urar kuma tana nuna inda awarwaron yake. In ɗaki ya nuna kore, ba kowa. Sai ka ƙwanƙwasa sau biyu, ka faɗi wata kalmar Turanci mai nufin masu shara sun zo, ka sa kati ka shiga. Ba a jiran amsa.

Washegari ya je ɗakin cin abinci don ya duba mutanensa, ya tarar ɗakunan cin abincin tara ne. A wanda ya shiga akwai mutum kusan dubu, kowa da faranti. Ya tsaya yana raba ido, bai san fuska ko ɗaya ba. Ya koma layin ɗakunansa ya tura amalanken tawul da zannuwan gado zuwa ƙofar farko, ya duba na'ura, ya ga kore. Ya buɗe baki zai faɗi kalmar da aka koya masa, hodi ta fito.

A ɗaki na huɗu ne abin dariya ya faru. Wani ƙaton manomi Bature ne a ciki, irin masu wuya kamar turmi. Pandu ya ce hodi. Shi kuma a kunnensa gaisuwar kaboyin fim ya ji, sai ya amsa da murna daga ciki, “Haudi.” Pandu ya tsaya, don wannan ba karibu ba ce. A ganinsa mutumin ma izini yake nema. Ya sake cewa hodi. Na ciki ya sake cewa haudi, da ƙarfi. Haka suka yi ta yi, ƙofa a tsakaninsu, har sau biyar, sai manomin ya buɗe da buroshi a baki ya tambaya ko lafiya. Kafin azahar labarin ya zaga ma'aikatan hawa uku. Daga ranar matasan Gorofa suka sa masa suna Kaboyi.

Dariya dai an sha, amma agogo ba ya dariya. Sauran masu gyaran ɗaki sukan gama ƙarfe ɗaya saura. Pandu sai uku, wata rana huɗu. Ko na'ura ta nuna kore sai ya yi hodi uku, yana jira tsakanin kowace, yana kasa kunne. Ba don ya raina na'urar ba. Awarwaro take gani, shi kuma ya saba sai ya ga mutum da idonsa. Ɗakunansa sun fi na kowa kyau, Zodwa da kanta ta faɗa. Ta ɗaga zanen gado ta ga yadda ya naɗe kusurwa, ta kira matasa biyu su zo su gani. Amma a rana ta biyar ta ja shi gefe ta gaya masa gaskiya. Fasinjoji suna dawowa daga ninƙaya su tarar ba a gyara musu ɗaki ba, suna kai ƙara. In ya ci gaba a haka, ba ta da abin da za ta rubuta sai abu ɗaya.

Kwana uku yana juya maganar. Ya ƙara sauri a komai, ya daina tsayawa shan shayi, duk da haka bai sauko ƙasa da ƙarfe biyu da rabi ba. A rana ta tara ya ce wa kansa ai mutum dubu ɗaya da ke aiki a jirgin nan ba marasa tarbiyya ba ne, kuma ƙofa ƙofa ce. Ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya faɗi kalmar, ya sa kati. Ɗaki na farko ba kowa. Na biyu ma haka. Aiki ya riƙa gudu a hannunsa har ya fara jin haushin kwanakin da ya ɓata.

Ɗaki na goma sha bakwai na Mista Arendse ne da matarsa. Tsohon hedimasta ne daga Cape Town, dogo, ko wurin ninƙaya zai je sai ya ɗaura laktaye. Kullum matar na riƙe da hannunsa, kuma in ya wuce Pandu a layi yakan ɗan sunkuyar da kai ya gaishe shi, gaisuwar babba da babba. Na'ura ta nuna su biyun suna wurin karin kumallo. Daga baya ne aka gane awarwaron na sa shi ƙaiƙayi, matar ta cire ta jefa a jakarta ta fita ɗauko masa shayi.

Pandu ya tura ƙofa. Tsohon yana tsaye a tsakiyar ɗaki da 'yar shara, ba wando, sai ƙunzugu irin na manya. Ya rungumo zanen gado jiƙaƙƙe yana ƙoƙarin cusa shi a ƙasan kabad. Suka haɗa ido. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ɗalibai na miƙewa in ya shigo aji, shi ne ya rage murya ya ce, “Yi haƙuri. Don Allah yi haƙuri.”

Pandu ya ja ƙofar ya rufe. Ya tsaya riƙe da amalanke. Da tsohon ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Shekara talatin da ɗaya yana canza zannuwan tsofaffi, ya sha ganin irin wannan zane, amma bai taɓa ganin mai zanen riƙe da shi ba, kuma ba wanda ya taɓa sanin ya gani. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya wuce ya ƙarasa sauran ɗakunan, ya dawo na goma sha bakwai bayan ya ga fitarsu da idonsa. Ya canza komai, ya ajiye zannuwa biyu na ƙari a kabad da leda mai kauri a gefensu. Ranar ya gama ƙarfe ɗaya saura minti goma.

Da la'asar Zodwa ta same shi a ɗakin ajiyar tawul, fuskarta cike da fara'a. Ta ce ta san zai iya, in ya riƙe haka kwana biyar ɗin da suka rage, ta gama rubuta takardarsa. Sai ya gaya mata abin da ya faru, bai faɗi abin da ya gani ba, ya ce dai ya shiga wa mutum a lokacin da bai kamata ba. Ta duba na'urarta ta ce ba a kawo ƙara ba. Ya ƙwanƙwasa? Ya ce ya ƙwanƙwasa. Ɗakin kore ne? Ya ce kore ne.

Ta ce, “To Baba Pandu, ai ba ka yi laifi ba. Yadda aka ce a yi ka yi.”

Ya ce, “Abin da ya dame ni ke nan, 'yata. Da laifi na yi, sai in gyara. Gobe zan koma hodina.”

Ta zauna a kan tarin tawul. Sannan ta yi masa bayani a hankali, kamar mai lallashin mahaifinta ya sha magani. Ɗaki dubu biyu ne a jirgin nan, ba za a iya jiran amsa a kowace ƙofa ba, kuma abin da ya faru yau sau ɗaya yake faruwa a ɗari. Ya ce ya yarda, lissafinta daidai ne, jirgin ma ba shi da aibu. Shi ne dai ba zai iya zama wanda ya buɗe ta ɗarin ba. Da ta ga ba zai motsa ba, sai ta kawo masa mafita. In ya rubuta da hannunsa cewa ya ajiye aiki kafin a isa Durban, ba za a rubuta masa komai ba, zai koma gida ba takarda.

Wannan shi ne abin da ya bar Likoni yana nema, ya sauka da ƙafarsa. Ya daɗe yana kallon katin da ke rataye a wuyansa. Amma ya ga in ya yi haka, ya nuna ke nan akwai abin da yake ɓoyewa.

Ya ce, “A'a. Ki rubuta abinki. Alfarma ɗaya nake roƙo, ki rubuta dalili.”

Kwana biyar ɗin da suka rage hodi ya yi su, yana gamawa ƙarfe uku. Manomin nan ya koyi karibu, yana kwaɗa ta tun kafin a ƙwanƙwasa, ya kuma koya wa maƙwabtansa. Mista Arendse kuwa bai ƙara gaishe shi ba. In sun haɗu a layi sai ya juya fuska bango, matarsa na jansa. Pandu bai ga laifinsa ba, kuma abin bai bar cinsa ba har suka sauka.

Da hantsi ya isa gida, Bi Mboja na kan kasko. Bai jira ta tambaya ba. Ya zauna a kan benci ya zaro takardar ya karanta mata, yana juya Turancin da bakinsa. Bai dace ba. A ƙasa kuma, da rubutun hannun Zodwa: dalili, ba ya shiga ɗaki sai na ciki ya ba shi izini.

Ta tsame mahamrin da ke cikin mai tukuna. Sannan ta juyo ta ce ya sake karanta layin ƙarshe. Ya sake.

Ta ce, “Wannan ne sai da suka kai ka har Durban kafin su gano? Da ni suka tambaya. Ranar da aka rako ka ɗakina hodi bakwai ka yi, kunya ta hana ni amsawa, ka kafe a ƙofa abokanka na tura ka. Gwaggona ce ta gaji ta amsa a madadina. Da ba ta amsa ba, Baban Zuhura, da har yau kana nan tsaye.”

Ya yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan dariyar ta tsaya hawayen suka ci gaba. Ta bar shi ya yi abinsa. Ta goge man hannunta a zani sosai kafin ta karɓi takardar, ta duba ta sama da ƙasa duk da ba ta karanta Turanci, ta miƙa masa.

Da aka yi la'asar ya sa farar rigarsa da hula, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Ya nufi dandalin masallaci inda dattawa ke zama, ya sami wuri a tsakiyarsu, ya ciro ta tun kafin wani ya tambaye shi yadda aka ƙare.